Babban Baƙi Da Ƙaramin Baƙi: Inda Kwamfuta Ke Yin Tuntuɓe

Duk yaron da ya shiga aji ɗaya a makarantar boko, kafin a yi hutun farko zai gane cewa kowane harafi riga biyu gare shi, watau babban baƙi da ƙaramin baƙi. In malam ya rubuta KANO a kan allo, sa'an nan ya sauko ƙasa ya rubuta Kano, babu yaron da zai ɗaga hannu ya ce garuruwa biyu ne. Ido ya saba, hankali ya yarda, magana ta ƙare. To, amma na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake kira kwamfuta, ita ba ta yi aji ɗaya ba. A wurinta KANO dabam, Kano dabam, kano kuma dabam, sai fa in wanda ya tsara mata aiki ya umarce ta da ta kau da kai daga wannan bambanci.

Wannan umarni kuwa ana bukatarsa ko'ina. Ma'aikacin banki da ke neman sunan mai ajiya, da ɗalibin da ke duba sakamakon jarrabawarsa, da mai buɗe akwatin wasiƙunsa na imel, dukansu suna sa rai na'ura za ta gane abin da suka buga ko wace irin riga haruffan suka sanya. Saboda haka kowane harshe na rubuta manhaja ya tanadi hanyoyi, wani uku wani huɗu, na gwada kalmomi biyu ba tare da kula da girman baƙi ba. Tambayar da sababbin shiga wannan sana'a suka fi yi ita ce, wace hanya ce ta fi sauri? Alhali kuwa ba a nan gizo yake saƙa ba. Hanyoyin nan ba amsa ɗaya suke bayarwa ba, kuma zaɓen wadda ba ta dace ba ya sha jawo ɓarna, tun daga sunan da ya ɓace a rajista har zuwa asusun da ɓarawo ya shige ba tare da ya ɓalle ƙofa ba.

Lissafin Talatin Da Biyu

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A shekarar 1963 aka fitar da tsarin nan na Amurka da ake kira ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. A farkon fitowarsa ko ƙananan baƙaƙe babu a ciki, sai a gyaran 1967 aka shigar da su. Masu tsarin sun yi wata dabara mai kyau. Sun ba babban A lamba 65, ƙaramin a kuwa 97. Babban B 66, ƙaraminsa 98. Haka har zuwa Z mai 90 da z mai 122. Watau tsakanin kowane babba da ƙaraminsa akwai tazarar 32 cif. A lissafin na'ura, wanda sifili da ɗaya ne kawai, wannan tazara gurbi ɗaya ne tak: in an kunna shi harafi ya zama ƙarami, in an kashe ya koma babba.

Don haka a wancan zamani aikin ba shi da wuya. A bi kalmomin biyu harafi bayan harafi, duk wanda lambarsa ta faɗa tsakanin 65 da 90 a ƙara masa 32, sa'an nan a gwada. Abin da umarnin strcasecmp na harshen C yake yi ke nan a saitinsa na asali, shi da takwarorinsa masu yawa. Ko a nan ma akwai ɗan rami ga mai gaggawa. Wanda ya manta da iyakar nan ta 65 zuwa 90, ya shiga kunna gurbin a kan kowace alama, zai wayi gari na'urarsa tana cewa alamar @ ta adireshin imel, mai lamba 64, daidai take da wata 'yar alama mai lamba 96. Amma wannan ƙaramin kuskure ne. Babban kuskuren shi ne zaton cewa haruffan duniya 26 ne.

Mai karatu ba ya bukatar a kai shi nesa kafin ya ga inda lissafin ya karye, domin a cikin rubutun da ke gabansa yanzu akwai haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda bokon Hausa ya ɗauka tun shekarun 1930, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda Nijeriya take sa 'y. Babu ko ɗaya daga cikinsu a ASCII. Lambobin da na'urorin yau suke gane su da su daga tsarin Unicode suka zo, wanda ya fara fitowa a 1991 da niyyar tattara rubutun duniya duka a jadawali ɗaya. Lambobin nan kuwa ba su bi ƙa'idar 32 ba ko kusa. Babban Ƙ shi ne 408, ƙaraminsa 409, tazara ɗaya. Babban Ɗ 394, amma ƙaramin ɗ yana can a 599, tazarar 205. Ɓ da ɓ kuwa 385 da 595, tazarar 210. Dalili shi ne ƙananan ɓ da ɗ an ajiye su ne a rukunin alamomin da masana ilimin furuci suke aiki da su, manyansu kuma a wani rukuni dabam. Babu wani ƙari ko ragi guda ɗaya da zai haɗa waɗannan duka. Tilas sai an duba jadawali.

Ga misali na zahiri. Akwai wani ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite, wanda yake cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma manhajoji masu yawa a cikinsa suke ajiye bayanansu. Masu shi sun faɗa a fili cewa tsarinsa na NOCASE, da umarnin bincike na LIKE, haruffa 26 na ASCII kaɗai suke daidaitawa, sai in an haɗa masa wani ƙarin sashe. Saboda haka in magatakarda ya shigar da sunan gari da manyan baƙaƙe, HAƊEJA, wani kuma ya zo daga baya ya nemi Haɗeja, na'ura za ta daidaita sauran haruffan lafiya lau, ta zo kan Ɗ ta cije, ta ce babu wannan gari. In kuma aka umarce ta da ta mai da Haɗeja manyan baƙaƙe, sai ta fito da HAɗEJA, ga ƙaramin ɗ tsugune a tsakiyar manya kamar yaro a zauren dattawa. Wanda ya gwada manhajarsa da Kano da Zariya da Katsina kaɗai ba zai taɓa ganin wannan aibi ba, sai ranar da mutumin Ƙanƙara ya zo.

Wasu, da suka ci karo da wannan, sai su yanke hanya, su ce a sauke lanƙwasar gaba ɗaya, ƙ ya koma k, ɗ ya koma d, kowa ya huta. An gudu ba a tsira ba. Girman baƙi riga ce, amma lanƙwasa a jikin harafi take. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kasa kuma ba ƙasa ba ce. Gaskiya ne a akwatin bincike sassauci yana da amfani, tun da da yawa daga cikin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, kuma ya kyautu wanda ya buga daki a nuna masa ɗaki. Amma wannan shawara ce mai zaman kanta, wadda ya kamata a yanke ta da sani, ba a cusa ta a ɓoye cikin maganar babba da ƙarami ba.

Ɗigon Turkawa

Hanyar da ta fi yaɗuwa a tsakanin masu rubuta manhaja ita ce a mai da kalmomin biyu ƙananan baƙaƙe, ko kuwa manya, sa'an nan a gwada su. Tana da sauƙin fahimta, kuma a yawancin harsunan zamani tana sarrafa Ƙ da Ɗ daidai, domin jadawalin Unicode take dubawa. Ita kuma matsalarta daga ƙasar Turkiyya ta fito.

A watan Nuwamba na 1928 gwamnatin Mustafa Kemal Ataturk ta yi dokar barin rubutun Larabci a koma ga haruffan Latin, guda 29. Turkanci yana da wasu wasula biyu da haruffan Turawa ba su bambanta ba, don haka aka yi musu harafi biyu. Akwai i mai ɗigo, wanda babbansa ma ɗigo gare shi, İ, kamar a sunan birnin İzmir. Akwai kuma ı marar ɗigo, wanda babbansa shi ne I, kamar a sunan birnin Isparta. Ke nan a wurin Baturke ƙaramin I shi ne ı, babban i kuwa İ. Mutanen Azarbaijan ma haka suke rubutu. Wannan ba kuskure ba ne, ƙa'idar harshensu ce, kuma na'urar da aka saita da Turkanci wajibi ne ta bi ta.

To, ga inda rikicin yake. A harshen Java, umarnin toLowerCase in ba a ambata masa harshe ba, saitin na'urar da yake aiki a kanta yake bi. Sai a rubuta manhaja a Legas, a gwada ta a Landan, ta yi aiki sumul, amma ranar da aka ɗora ta a kwamfutar wani ofis a Ankara, kalmar FILE ta koma fıle maimakon file, gwaji ya faɗi. In gwajin na ado ne, abin ya tsaya ga dariya. In kuwa mai gadi ne, misali an sa shi ya hana buɗe duk adireshin da ya fara da file, to ƙofa ta buɗe ke nan, domin FILE zai wuce ta gabansa bai gane shi ba. Da irin wannan misali kamfanin Microsoft yake gargaɗin masu aiki da tsarinsa na .NET. Harshen PHP ma ya ɗanɗana wannan wahala. Tun a 2002 aka kai ƙarar cewa a saitin Turkanci sunayen sassan manhaja masu ɗauke da harafin I suna ɓacewa, aka ɗauki kimanin shekara goma kafin a magance abin, kuma sai a fitowar PHP 8.2 a ƙarshen 2022 aka raba umarnin strtolower da saitin harshe baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, kalmar file a wannan wuri ba Turanci ba ce, ba kuma Turkanci ba ce. Alama ce da na'ura take yi wa na'ura, kamar sauran kalmomin da kwamfutoci suke gaisawa da su a intanet, da sunayen umarni, da maɓallan saiti. Irin waɗannan ba su da harshen uwa, don haka bai kamata a tambayi saitin ƙasar da na'ura take ba kafin a gwada su. A nan tsohuwar hanyar talatin da biyu, wadda ta kunyata a kan Haɗeja, ita ce daidai, kuma ƙarancin saninta shi ne amfaninta: ba ta canzawa daga Ankara zuwa Abuja. Harshen Rust ma ya rubuta iyakarta a jikin sunanta, eq_ignore_ascii_case, domin kada wani ya ce ba a gaya masa ba. A .NET, tun daga 2005, akwai zaɓin OrdinalIgnoreCase wanda ba ruwansa da saitin harshe, shi ne kuma Microsoft yake ba da shawarar a ɗauka a irin wannan aiki. A Java kuwa sai a miƙa wa toLowerCase saitin Locale.ROOT, watau saitin da ba na kowace ƙasa ba.

Harafi Ɗaya Da Ya Zama Biyu

An daɗe ana gardama a tsakanin masu sana'ar, wai a mai da kalmomi manya ya fi, ko a mai da su ƙanana. Gaskiyar magana, kowane ɓangare da ramin da yake jiransa.

Jamusawa suna da harafin ß, wanda ake furtawa kamar s, kuma ba ya zuwa a farkon kalma, saboda haka ƙarnuka suka wuce ba shi da babba. In za a rubuta straße, watau titi, da manyan baƙaƙe, sai a rubuta STRASSE, harafi ɗaya ya zama biyu. Wanda ya zaɓi hanyar ƙanana zai sami straße a hannu ɗaya, strasse a ɗaya hannun, na'ura ta ce ba su dace ba. An shigar da babban ẞ cikin Unicode a 2008, hukumar kula da rubutun Jamusanci kuma ta amince da shi a 2017, amma hakan bai soke SS ba, ya ƙara fuska ta uku ne kawai. Girkawa su ma suna da harafin sigma, babba ɗaya, Σ, ƙanana biyu, σ a farko ko tsakiyar kalma, ς a ƙarshenta. Wannan duka ya sa ake cewa hanyar manya ta fi. To, amma a hanyar manya, ko ba a saita na'ura da Turkanci ba, jadawalin Unicode yana mai da ı marar ɗigo ya zama I, daidai da yadda yake mai da i. Haruffa biyu da ba ɗaya ba sun haɗu a wuri guda. Hanyar ƙanana ma tana da irin nata: alamar ma'aunin zafi ta Kelvin, mai lamba 8490, wadda ido ba ya bambanta ta da K, in aka ƙanƙanta ta k take zama.

Ganin haka ne masu kula da Unicode suka yi jadawali na uku, ba na manya ba, ba na ƙanana ba, na gwaji ne kawai. Aikinsa shi ne baje haruffa, kamar yadda magini yake baje fili kafin ya ɗora awo. Abin da ya fito daga cikinsa ba don a nuna wa mutum ba ne, don a gwada ne a zubar. A wannan jadawali ß yana zama ss, ς yana zama σ, Ɗ yana zama ɗ, amma ı marar ɗigo yana nan a matsayinsa, bai haɗu da i ba. Harshen Python ya sami wannan umarni, mai suna casefold, a fitowarsa ta 3.3 a shekarar 2012, kuma ga rubutun da mutane suka rubuta a harsuna dabam-dabam shi ne mafari mafi aminci.

Sai dai kada a ɗauka duk umarnin da ya ce yana bin Unicode abu ɗaya yake yi. Bajewar iri biyu ce. Akwai mai sauƙi, wadda harafi ɗaya yake ba da harafi ɗaya, akwai kuma cikakkiya, wadda ta yarda tsawon kalma ya canza. Umarnin EqualFold na harshen Go mai sauƙin yake bi, don haka a wurinsa straße da STRASSE ba ɗaya ba ne, alhali a wurin casefold na Python ɗaya ne. Shi kuwa equalsIgnoreCase na Java, harafi da harafi yake bi, yana gwada babbansu sa'an nan ƙaraminsu, saboda haka ya ƙi straße da STRASSE, amma ya yarda ı da i ɗaya ne, abin da Python ya ƙi. Ga umarni uku, kowanne sunansa yana alkawarin abu guda, amsoshinsu kuwa sun sha bamban. Ko cikakkiyar bajewar ma ba ta kuɓuta daga zargi ba, domin a Jamusanci Maße, watau awo, da Masse, watau tari ko taro, kalmomi biyu ne, ita kuwa tana haɗe su.

Akwai wani tarko a gefe wanda maƙwabta Yarabawa suka fi kowa saninsa. Harafinsu na ẹ, mai ɗigo a ƙasa, ana iya ajiye shi a na'ura ta hanya biyu: ko da lamba ɗaya, ko kuwa da lambar e sa'an nan lambar ɗigon a biye. A ido ɗaya ne, a lissafi biyu ne. Haka ma wasulan Hausa masu alamar karin sauti da ake gani a ƙamus. Bajewa ba ta gyara wannan, sai an fara daidaita siffar rubutun da ɗaya daga cikin ƙa'idojin Unicode, irin su NFC ko NFD. Mai tsara rajistar sunayen 'yan Nijeriya da ya tsallake wannan mataki zai iya samun mutum ɗaya ya zama biyu a littafinsa.

Kama Da Wane

Duk abin da aka ambata a sama zai iya zama kamar wasan masana, sai an zo kan maganar asusu. A ƙarshen 2019 wani mai binciken tsaro ya bayyana wata kafa da ya gano a shafin GitHub, inda miliyoyin masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu. Ga yadda abin yake. Wanda ya manta kalmar sirrinsa zai buga adireshin imel ɗinsa, shafin ya nemi adireshin a rumbunsa ba tare da kula da girman baƙi ba, in ya samu ya aika da wasiƙar sabunta kalmar sirri. To, a ce adireshin mai asusu ya fara da amina. Ɓarawo sai ya tanadi adireshi mai kama da shi, amına, da ı marar ɗigo, ya buga shi. Na'ura ta mai da duka biyun manya, AMINA da AMINA, ta ce wannan shi ne mai asusu. Har nan ɓarna ba ta auku ba. Inda ta auku shi ne, wasiƙar an aika da ita ne ga adireshin da aka buga, ba ga wanda ke ajiye a rumbu ba. A ranar 18 ga Disamba na wannan shekarar, masu kula da Django, wani sanannen tsarin gina shafukan intanet da harshen Python, suka fitar da gyara a kan irin wannan kafa a nasu tsarin.

Maganin da aka yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi zaɓen umarni muhimmanci. An gyara yadda ake gwajin, amma babban gyaran shi ne a riƙa aika wasiƙar ga adireshin asali da mai asusu ya yi rajista da shi. Gwajin da ya kau da kai daga girman baƙi, iyakar abin da yake iya faɗa shi ne waɗannan biyu sun yi kama. Bahaushe kuwa ya riga ya ce kama da wane ba wane ba ne. Bayan an sami kamar, sai a jefar da abin da baƙo ya kawo, a yi aiki da wanda ke cikin littafi.

Wani lokacin kuma ɓarnar takan zo ne daga saɓani tsakanin na'urori biyu, ɗaya tana kula da girman baƙi, ɗaya ba ta kula. A tsarin Linux, fayil mai suna Rahoto da mai suna rahoto fayil biyu ne. A Windows da Mac, bisa saitinsu na asali, ɗaya ne. Manhajar Git, wadda ake adana tarihin aikin manhaja da ita, tana da wata jaka ta musamman mai suna .git da take hana kowa rubutu a cikinta daga waje. A Disamba na 2014 aka fitar da gyaran gaggawa, bayan an gano cewa mugu zai iya sa wa jakarsa suna .Git, mai gadi ya duba ya ga ba sunan da aka hana ba ne, ya bar ta ta wuce, Windows ko Mac kuwa su zuba kayanta a cikin ainihin .git, inda za a iya sa na'urar mutum ta aiwatar da umarnin da bai sani ba. A nan babu ı, babu ß, G ne kawai da g. Mai gadi da mai gida ne ba su yi amfani da ma'auni ɗaya ba.

Inda Harshe Yake Da Iko

Kada a fahimci cewa saitin harshe abin gudu ne a ko'ina. In za a jera sunaye domin idon mutum, kamar jerin ɗalibai ko na ma'aikata, shi ne sarki. Na'urar da ta jera da lamba zalla za ta kai Ɗahiru can bayan Zainabu, domin 394 ya fi 90, ta kuma sa duk mai farawa da ƙaramin baƙi a bayan manya. Bahaushe kuwa a bayan D yake neman Ɗ, a bayan K yake neman Ƙ. Wannan aiki na manhajojin da suka san tsarin kowane harshe ne, irin su ICU, kuma a harshen JavaScript ana samunsa ta Intl.Collator, inda mutum zai ambaci harshen, ya kuma zaɓi ko girman baƙi kaɗai za a yafe ko har da alamomin kan wasula.

Amma ƙa'idojin harshe ana yi musu gyara lokaci zuwa lokaci, shi ya sa ba a gina shaidar mutum a kansu. A 2018 aka sabunta tsarin jera haruffa na glibc, ginshiƙin da yawancin na'urorin Linux suke dogara da shi, a fitowarsa ta 2.28, sai ga masu rumbun PostgreSQL an gargaɗe su da su sake gina fihirisarsu, domin jerin da aka yi da tsohuwar ƙa'ida bai dace da sabuwa ba, kuma bayanin da yake nan a ajiye bincike zai iya kasa ganinsa. A 2020 ma, da .NET 5 ya koma amfani da ICU a kan Windows, wasu gwaje-gwajen da suka dogara da saitin harshe sun canza amsa ba tare da an taɓa layi ɗaya na manhajar ba.

Maganar sauri kuwa, wadda aka fara da ita, gajeriya ce. Mai da kalma ƙanana yana sa na'ura ta yi sabon kwafi na kowace kalma, umarnin gwaji kai tsaye kuwa ba ya yi, kuma yana tsayawa da zarar ya ga bambanci. In gwajin sau miliyoyi za a yi, sai a baje kalmar sau ɗaya ranar da aka karɓe ta, a ajiye bajajjen kwafin a gefen na asali, a yi fihirisa a kansa. Na asalin kuwa ba a taɓa shi, domin da shi za a rubuta wa mutum sunansa yadda ya rubuta. Kalmar sirri ita kam ba ta shiga wannan magana ko kaɗan, a nan bambancin babba da ƙarami dukiya ce.

Almajirin da ya tashi da ajami zai iya yin murmushi ga wannan wahala duka, domin rubutun Larabci ba shi da babba da ƙarami, haka ma na Sin da na Habasha. Tsirarun rubuce-rubuce ne suke da riga biyu, irin su na Latin da na Girka da na Rasha da na Armeniya. Amma jerin bai rufe ba. Wajen 1989 wasu 'yan'uwa biyu a ƙasar Gini, Ibrahima Barry da Abdoulaye Barry, suna yara, suka ƙirƙiro wa Fulatanci rubutun Adlam, wanda ake yi daga dama zuwa hagu kamar ajami, amma yana da babban baƙi da ƙarami kamar boko. An shigar da shi Unicode a 2016. Haruffansa 34 ne, manyan sun fara daga lamba 125184, ƙananan suna biye da su, tazarar 34 ke nan tsakanin kowane babba da ƙaraminsa. Lambobin nan sun wuce 65535, iyakar abin da gurbin harafi ɗaya na Java yake ɗauka, don haka kowane harafin Adlam gurbi biyu yake ci a can. Shi kuwa equalsIgnoreCase gurbi-gurbi yake bi a da, saboda haka in Bafulatani ya rubuta sunansa da manyan Adlam, ya sake rubutawa da ƙanana, sai ya ce masa mutum biyu ne. Sai a Java 16, wanda ya fito a watan Maris na 2021, aka koya masa ya riƙa haɗa gurbin biyu kafin ya duba jadawali.